Tsohon babur mai gudu: yadda ake duba shi kafin a saya, da yadda ake gano ciwonsa

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da gadar Binuwai da la'asar, babur mai silinda huɗu ya wuce shi yana kuka, ya san abin da ke sa saurayi ya shekara biyu yana tara kuɗi. Ni ma kukan nan ne ya ja ni. Na sayi nawa na farko a hannun wani dillali a nan Garwa, a arewacin Kamaru, mai inji 600cc ne ƙirar 1997, robar jikinsa tana ɗaukar ido. Kwana tara da saye na kama hanyar Marwa. Na wuce Figil kaɗan sai allurar agogo ta fara rawa, injin ya soma shessheƙa, can ya yi tsit. Na tura shi gindin wani dogonyaro, rana tsaka, cikin watan Afrilu, na danna sitata: ƙas, ƙas, shi ke nan. Ciwon da ya kwantar da shi ran nan yana jikinsa tun a ƙofar dillali, kuma minti biyu sun isa a gano shi da mitar auna wuta ta masu gyaran rediyo, wadda kuɗinta bai kai na cika tanki ba. A lokacin ban san ana aunawa ba.

Saboda haka ƙanena, in ka riga ka ƙudura sai ka saya, ba zan hana ka ba. Abin hawa ne mai daɗi, kuma injinan Japan na wancan zamani suna da tsawon rai in sun sami kula. Ga dai yadda nake bi yanzu in wani ya ce in raka shi.

Zaɓi wanda garinku zai iya riƙewa

Waɗanda suka fi zuwa hannunmu su ne masu 600 da aka ƙera tsakanin 1991 da 2005, ko ta tashar jirgin ruwa ta Duwala ko ta Najeriya. Ƙaraminsu ya kai shekara 20. An yi su ne don kwalta mai santsi da iska mai sanyi, mu kuwa a nan zafi yana haura digiri 40 a Maris da Afrilu, hunturu yana zuwa da ƙura, ga ramuka, ga tudun rage gudu da muke kira dodan a kowane ƙauye. Tsakanin cikin babur ɗin da ƙasa bai fi santimita 13 ko 14 ba. Ƙarfinsa kuwa doki 100 ne ko fiye, alhali 125 ɗin 'yan kilando, wato 'yan acaɓa, bai wuce doki 11 ba. Wanda bai taɓa hawan abin da ya fi 125 ba, gara ya fara da Suzuki GS500 ko Honda CB400 ya shekara a kai. Masu 1000 kuwa, irin su Yamaha R1, ba na farawa ba ne ko kaɗan.

Tambaya ta biyu, hanyar da fetur ke shiga inji: kafireto ko injekta? Honda CBR600F na F2 (1991 zuwa 1994), F3 (1995 zuwa 1998) da F4 (1999 da 2000) duk kafireto ne, injekta ta zo da F4i a 2001. Yamaha R6 ta fito a 1999 da kafireto, ta koma injekta a 2003. Suzuki GSX-R600 mai tambarin SRAD, na 1997 zuwa 2000, kafireto ne. Kawasaki ZX-6R ta fara a 1995, ita ma sai 2003 ta koma injekta. Mai injekta ya fi saurin tashi da safe kuma ba ya bukatar saiti, amma famfon mai na cikin tankinsa ba ya yafe ƙazamin fetur, in ya mutu kuwa sai an aiko daga Duwala ko Legas. Kafireto yana toshewa, amma ana buɗe shi a wanke a mayar. Ni a ganina, ga wanda yake zaune a Arewa kuma wata rana dole zai sha man kwalba, mai kafireto ya fi rufin asiri, kuma a cikinsu CBR600F ya fi sauƙin zama, ba ya sa ka kifa ciki a kan tanki kamar R6.

Kowanne da inda aka san shi da rauni. Honda na waɗannan shekaru, akwatin daidaita wutar caji, wanda makanikai ke kira regilato, da abin da ke ɗaure sarƙar tayamin. Yamaha R6 da R1 na farko-farko, giya ta biyu. Honda Fireblade kuma, daga 1992 har 1999, tayar gabansa inci 16 ce, ba 17 ba, kuma neman irinta a Marwa aiki ne.

Kafin ma ka je ganin babur, zagaya wurin masu sayar da kayan gyara ka tambayi abu uku na ƙirar da kake so: taya mai girman da ƙirar ke ɗauka, matatar baƙin mai, da takalmin birki. In aka ce sai an yi oda, tambayi kwana nawa. Amsar da za a ba ka ita ce yawan kwanakin da babur ɗinka zai riƙa yi a jingine.

Takarda kafin makulli

Kada ka yarda a fara da tayar maka da inji. Da ka ji kukan, hankalinka ya tafi. Ce a kawo takardu tukuna: kart giriz, wato takardar rajistar babur, takardar duwan, wato kwastan, in daga waje ya shigo, da katin ɗan ƙasa na mai sayarwa. Sunan da ke kart giriz ya zama na wanda ke gabanka, in kuwa ba nasa ba ne, to a nuna maka takardun sayarwa hannu zuwa hannu har su iso gare shi.

Sai ka durƙusa ka karanta lambar shasi da idonka. Tana wuyan babur, galibi gefen dama, a bugge cikin ƙarfe. Yawanci harafi da lamba 17 ne: na Honda ƙirar Japan tana farawa da JH2, Yamaha JYA, Suzuki JS1, Kawasaki JKA ko JKB. Waɗanda aka yi don kasuwar cikin Japan, kamar CB400, da wasu tsofaffin na Turai, tasu gajera ce, wannan ba laifi ba ne. Laifi shi ne ka ga wurin an goge shi da faifai, ko an yi masa sabon fenti shi kaɗai, ko haruffan sun karkace wani ya fi wani zurfi. Shafa da yatsa. Gwada harafi ɗaya-ɗaya da abin da ke takarda, sannan ka duba lambar inji ita ma.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. In ka ga mai sayarwa ya fara fushi don ka ce a je komisariya, wato ofishin 'yan sanda, a buga hatimi a takardar ciniki, yi masa sallama. Shingayen jandarma tsakanin Ngaundere da Kusuri ba su da iyaka, babban babur kuwa ba ya ɓuya, shi ake fara tsayarwa. Mai lambar Najeriya ko ta Chadi da ba shi da takardar duwan ta Kamaru, kuɗin da za ka kashe daga baya zai iya cinye arahar da ka samu.

Tambayi makulli nawa ne. Da yawa cikin na bayan shekarar 2000 makullinsu yana da ƙwaƙwalwa, Honda na kiran nata HISS, Yamaha kuma tana da jan makulli wanda da shi ake yin sauran. In ɗaya tilo aka ba ka ya ɓata, maƙerin makulli na kasuwa ba zai fisshe ka ba.

Je da sassafe, inji a sanyaye

Nan ne cinikin yake. Tun da dare ka kira ka ce, "Alhaji, don Allah kada a tayar da shi sai na iso." Da isarka, kafin gaisuwa ta yi nisa, ɗora bayan hannunka a jikin inji. In ka ji ɗumi za a ce maka, "Ai yaro ne ya ɗan ɗuma shi." Ka ce babu komai, gobe ka dawo. Inji mai zafi yana ɓoye wahalar tashi, yana ɓoye hayaƙi, yana ɓoye ƙara.

Robar jiki kyan ɗan maciji ce, ana sayen sabuwa a ɗaura wa babur da ya sha ƙasa sau uku. Ka ce a cire ta gefe ɗaya aƙalla. Abin da kake nema shi ne walda a jikin shasi, musamman kusa da wuya, ko tsagewa, ko lotsawa. Shasin alminiyam da aka yi wa walda a gefen titi, ni ba na hawa. Juya kan babur dama da hagu har ƙarshe ka dubi ɗan ƙarfen da ke tare shi a ƙarƙashin wuya. In ya karye ko an liƙa shi, babur ya taɓa cin karo da gaske. Ƙarshen hannun tuƙi, matakin ƙafa, murfin inji da gefen salansa, su ma suna ba da labarin faɗuwa.

Ƙafafun gaba su kasance a miƙe, babu tsatsa mai rami, babu zoben mai a jikinsu bayan ka danna su sau biyar. A ɗaga tayar gaba ka juya kan a hankali: in yana maƙalewa a tsakiya, boris ɗin wuya ya tafi. Buɗe tanki ka haska fitilar waya ciki. Jan tsatsa a ƙasan tanki na nufin duk abin da ke bayansa ya sha datti.

Baƙin mai: a tsayar da babur sosai, ba a jingine ba, ka duba. Baƙi ba matsala ba ce. In ya yi kama da shayi mai madara, ruwa ya shiga, wato gaskit ɗin kan inji ko famfon ruwa. In yana warin fetur kuma ya haura alama, kafireto na zuba a ciki. Buɗe murfin lagireto tun yana sanyi: ruwa kore ko shuɗi ko ja shi ake so. Ruwan ƙasa mai tsatsa na nufin an daɗe ana zuba masa na rijiya.

Taya tana da ranar haihuwa a jikinta. Nemi inda aka rubuta DOT, lambobi huɗu na ƙarshe mako ne da shekara: 2315 na nufin mako na 23 a 2015. Tayar da ta wuce shekara 5 ko 6, ko da zanenta bai cinye ba, ta bushe, ranarmu kuma tana ƙara busar da ita. Yawancin waɗanda ake kawowa da tsofaffin tayoyi suke zuwa, saboda haka sa kuɗin guda biyu a lissafinka tun yanzu. Ja sarƙa daga bayan farantinta mai haƙora: in ta ɗago har ka ga rabin haƙori, ta gama aiki, kuma ita da farantai biyu ake canjawa tare. Farantin birki yana da mafi ƙarancin kaurinsa a rubuce a jikinsa, in gefensa ya yi tudu kamar bakin tire, ya kusa.

Yanzu a tayar. Da cok, cikin daƙiƙa biyu ko uku ya kamata ya kama, ba tare da an murɗa totur ba, jar fitilar baƙin mai kuma ta mutu nan take. Bayan rabin minti ka ɗiga ruwa a kan bututan salansa huɗu da ke fitowa daga inji, ɗaya bayan ɗaya. Duka su yi cuu. Wanda ruwa ya zauna a kansa, silindarsa ba ta aiki. Koma baya ka dubi hayaƙi: shuɗi baƙin mai ne yake ƙonewa, ringi ko robar bawul, baƙi fetur ne ya yi yawa, wannan mai sauƙi ne, fari mai kauri da bai daina ba bayan inji ya yi zafi, ruwa ne. Sannan ka kasa kunne. Kacau-kacau daga gefen sarƙar tayamin, mai zuwa da tafiya in an sassauta totur, galibi abin ɗaure sarƙar ne, gyaransa ba tsada. Bugu mai nauyi daga ƙasan inji, ƙum-ƙum, mai ƙaruwa da totur, wannan kam ka gode wa Alhaji ka tafi.

Bar shi yana aiki a tsaye har fanka ta tashi da kanta, wajen digiri 100 zuwa 105. Mai sayarwa zai ƙosa, ya ce mai na ƙonewa. Ka ce kai za ka biya man. Babur ɗin da fankarsa ba ta tashi ba zai yi bazara ɗaya a Garwa ba.

Minti biyu da mita

Wannan shi ne abin da ban yi ba. Ɗaga kujera, sa mita a wutar baturi, jan tsinke a kan ƙari, baƙi a kan ragi. Kafin ma a tayar da shi, inji a kashe tun daren jiya, lafiyayyen baturi zai nuna 12.6V ko sama kaɗan. Lokacin da ake danna sitata kada ya faɗi ƙasa da 10V. Da inji ya kama, kunna babbar fitila, a riƙe totur a juyi 5,000 a minti. Mita ta tsaya tsakanin 13.5V da 14.5V. In tana 12 da wani abu, ba ya caji, baturi kawai kake ci, kuma dillali ya san haka shi ya sa ya kwana yana cajinsa a shagon masu waya. In ta haura 15V, caji ya wuce kima, zai dafa baturi ya ƙone ƙwayaye, a mai injekta har ƙwaƙwalwar inji yana iya kashewa.

Tun kujera tana ɗage, bi wayoyi da ido. Inda ka ga an yanka an murɗe an naɗe da leda ko salatif, ƙirga. Biyu ko uku ana gyarawa. In sun zama kamar saƙar gizo, sani cewa wata shida za ka yi kana bin sawun wanda ya yi su.

Hau da kanka

Sa hular kwano, ka ajiye wa mai shi abin da zai kwantar masa da hankali, ka nemi titi marar cunkoso. Shiga kowace giya har ta shida. A giya ta biyu, buɗe totur sosai daga ƙasa: in ta fice ta koma firi, ko ka ji babur ya yi tsalle kamar sarƙa ta zame, haƙoran giyar sun cinye, gyaran kuwa sai an sauke inji an raba shi biyu. A giya ta biyar kana tafiya a hankali, murɗa totur gaba ɗaya. Kukan inji ya hau amma gudu bai ƙaru ba, kuloci yana zamewa. Sassauta hannu kaɗan a gudun 50 ka ji ko yana jan gefe ɗaya. Kama birkin gaba sannu: in hannun birki yana bugun yatsunka, faranti ya lanƙwashe. Da ka dawo, kashe shi, jira minti biyu, sake tayarwa da zafinsa, sannan ka leƙa ƙasa ko wani abu na ɗiga.

Agogon kilomita kada ya dame ka sosai, ana canja shi kamar yadda ake canja roba. Babur mai kilomita 60,000 da aka riƙa yi wa juye a kan kari ya fi mai 20,000 da ya shekara biyar a jingine da fetur a cikinsa.

Wajen ciniki, rubuta duk abin da ka gani da kuɗin gyaransa ka miƙa wa dillali, ka bar takardar ta yi magana. Kuma kada ka zuba duk abin da ka tara a kan saye. Ni nakan ce a bar kashi ɗaya cikin uku a aljihu, don taya, inshora, sauya suna a kart giriz, da aikin makon farko. In farmi ɗinka, wato lasin tuƙi, ba na rukunin A ba ne, shi ma yana cikin lissafi.

Makon farko a gida

Duk abin da aka ce maka "jiya-jiyan nan aka canja", ɗauka ba a canja ba. Yi juye da sabuwar matata. Man babur za ka zuba, 10W-40, wanda aka rubuta JASO MA a jikin galan, wajen lita uku zuwa uku da rabi. Kulocin waɗannan babura a cikin baƙin mai yake iyo, man mota mai yawan santsi yana sa shi zamewa. Zubar da ruwan lagireto, wanke, zuba ruwan sanyaya inji na galan. Man birki DOT 4, kuma duk shekara biyu a sake. Buji huɗu sababbi masu lambar da kamfani ya ce, na CBR600F mai kafireto misali NGK CR9EH-9 ne, kuma a kula, jabu sun cika kasuwa. Buɗe akwatin matatar iska: na sha ganin an cire matatar an bar wurin wayam, ko an cusa soson katifa. Cikin hunturu, injin da ke shaƙar ƙura kai tsaye ringinsa ba ya kai wa damina. Saki na sarƙa ya zama yadda kamfani ya ce wa ƙirarka, iskar taya kuma yawancinsu a ma'aunin bar 2.5 gaba, 2.9 baya, a auna da safe.

In babu wanda ya san ranar da aka auna bawul, sa a auna. Honda ta ce duk kilomita 24,000, Yamaha ta R6 kuma wajen 42,000. Aiki ne na bakanike mai ma'auni da haƙuri. Wanda za ka ba shi, fara tambayarsa babur mai silinda huɗu nawa ya taɓa buɗewa. Gwanin 125 gwani ne a fagensa, amma in ka ga ya ɗauko guduma da kurfi zai kwance notin alminiyam, karɓi makullinka cikin mutunci.

Sai batun fetur. Zuwa-zuwa, wato fetur ɗin kwalba na bakin titi, yana nan a kowace kwana, ko bayan da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya yi tsada. Wani mai kyau ne, wani an sirka shi da kananzir, wani da ruwa a gindin jarka. Injin nan yana matse mai da iska har ninki 12, gurɓataccen mai yana sa shi ƙwanƙwasa ya yi zafi. Sha a gidan mai duk lokacin da ka samu. In dole ta kama a hanya, ɗaga kwalbar ka dubi gindinta a rana, a tace da ƙyalle mai tsabta, kuma ka sayi abin da zai kai ka gari na gaba kawai. Tankinsa lita 17 ko 18 ne, yana shan 5 zuwa 7 a kilomita 100, wato cikin tanki ɗaya zai kai ka Marwa daga Garwa, kilomita 200 da 'yan kai, in ba ka matsa masa ba.

In ya fara ciwo

Ya ƙi tashi, sitata ko motsi. Kada a fara kwance komai. Dubi jan maɓallin kashewa da ke hannun dama, yara suna son taɓa shi. Dubi ko yana cikin giya alhali ƙafar jingina tana ƙasa, akwai makunni a wurin da ke hana shi tashi, laka kuma tana maƙale shi. Matse kuloci ka sake gwadawa. Girgiza kawunan baturi. Sai babban fis mai lamba 30, yana kusa da baturi. Rabin abin da ake kira mutuwar babur a nan yake ƙarewa.

Sitata na juyawa amma bai kama ba. Kada ka riƙe maɓallin fiye da daƙiƙa biyar a jere. A mai injekta, da ka murɗa makulli za ka ji famfo ya yi zuu na daƙiƙa biyu a cikin tanki, in shiru ne, can za ka nufa. Cire buji ɗaya. A jiƙe da fetur, mai ya yi yawa ko wuta ba ta zuwa: mayar da shi cikin hularsa, jingina shi da jikin inji nesa da ramin, danna sitata ka ga ko zai ba da shuɗin tartsatsi. A bushe ƙayau, mai ne ba ya isowa: famfon tanki, tiyo, matata.

Yana aiki da cok, da an mayar sai ya mutu. Wannan shi ne ciwon da ya fi yawa, kuma kusan kullum ƙananan jet na kafireto ne suka toshe, ramukansu ƙanana ne ƙwarai. A sauke kafireto huɗun a haɗe, kada a raba su. A wanke da maganin feshi da iska. Kada a zura allura ko wayar ƙarfe, ramin yana faɗaɗa, daga nan babur ya zama mashayi har abada. A ɗaga baƙar robar saman kowanne a hasken rana a ga ko ta huje, domin ita ke sa babur ya yi lafiya a ƙasa amma ya ƙi hawa sama. A duba robobin da ke haɗa kafireto da inji, zafi yana tsattsaga su, iska ta riƙa shiga ta ɓarauniyar hanya, sai ka ga juyin inji yana hawa yana sauka shi kaɗai. Bayan an mayar, a daidaita huɗun da agogon gwaji su yi numfashi tare, juyin tsaye ya zauna wajen 1,200 zuwa 1,300. In ba a wanke tanki ba kuwa, wata ɗaya za a maimaita aikin.

Yana zafi. A cunkoson kasuwa da rana, allura ta hau fanka ta tashi, wannan daidai ne. Abin tsoro shi ne ya yi zafi a buɗaɗɗiyar hanya. Dubi fuskar lagireto, laka da fara da ƙwari suna toshe ta, a wanke daga baya da ruwa marar ƙarfi. Masu wankin mota da injin feshi suna kwantar da siraran haƙarƙarinsa, suna kuma tura ruwa cikin mahaɗan waya, ni da bokiti nake wanke nawa. Murfin lagireto da robarsa ta mutu shi ma yana sa ruwa tafasa da wuri. In allura ta shiga ja, tsaya ka kashe, kuma kada ka buɗe murfin sai ya huce.

Baturi yana mutuwa duk bayan kwana biyu. Kada ka sayi sabo tukuna, koma kan mita. In caji bai kai 13V ba, bi wayoyi uku masu launi ɗaya da ke fitowa daga kwayil ɗin caji, rawaya a Honda, farare a Yamaha, har zuwa mahaɗarsu. Zare ta, ka sansana, ka duba. Juya mita zuwa wutar AC, a tayar da inji, auna wayoyin bibbiyu, sau uku ke nan. Duka ukun su ba da lamba kusan ɗaya, tana hawa da totur har ta wuce 50V a juyi 5,000. Kashe inji ka gwada kowace waya da jikin inji: kada ko ɗaya ta nuna sun haɗu. In kwayil ya ci wannan jarrabawa kuma mahaɗa tana da tsabta, regilato ne. Kada ka bari kowa ya cire kan baturi inji na aiki wai don gwada caji, wannan dabarar ita kanta tana kashe regilato. In za a ja wuta daga mota, motar ta kasance a kashe.

Nawa, da aka ɗauko shi a bayan a-kori-kura aka dawo da shi Garwa, wani dattijon bakanike ne ya zare mahaɗar nan ya miƙo mini. Ta narke ta yi baƙi, wani ya taɓa naɗe ta da leda ya mayar. Ya ce, "Ɗana, wannan ta fi shekara tana ƙonewa, ba a hannunka ta fara ba." Ya yanke ta ya haɗa wayoyin da dalma ɗaya-ɗaya, ya sa wani regilato, ya goge bayansa ya ɗaure shi a jikin ƙarfe inda iska ke bugu, domin zafi ne ajalinsa. Sannan ya sa na sayo ƙaramin agogon wuta na dijital, irin wanda ake sa wa motoci, ya liƙa mini kusa da agogon gudu. Da shi na hau dutsen Ngaundere na sauko ba sau ɗaya ba. Yana nuna 14.1, wani lokaci 13.9 in fanka ta tashi. Ranar da na ga ya sauka ƙasa da 13 ina cikin tafiya, garin da ke gabana nan nake tsayawa in ɗaga kujera.